Wata huɗu ina koyon zanen mutum a Yamai, da labarin tablon Baba da na sa aka yi mini

Tun ranar da ƴan uwa suka ga hoton tablon Baba, wato zanen kamanninshi da fenti, a wayata ake ta tambayata ina aka yi shi, nawa na biya, kuma wai da gaske ne ni ma can nake zuwa koyon zane duk Asabar. To bari in faɗa gaba ɗaya yadda abin ya kasance, mai daɗi da maras daɗi. Sunan wurin dai ba zan rubuta ba, sabida akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne kuma mai wurin malamina ne, hannunshi na ci, ban son in tozarta shi gaban jama'a. Atiliye ne ƙarami nan cikin Yamai, in ka fito daga wajen Wadata ba ka yin minti goma a taksi.

Ni tela ce, shekara 11 kenan ina ɗinkin mata. Abin da ya kai ni wurin ba sha'awar zama mai zane ba ne tun farko, wahalar sana'a ce. Kiliya za ta zo ta ce ina son wuya kaza, hannu ya sauka kaza ya buɗe daga gwiwar hannu, ƙasan ya yi kamar na wance ranar suna, ke kina jin wani abu ita tana nufin wani abu daban, sai kin yanka kin ɗinka sannan a gane ba a fahimci juna ba. Bara na ɓata ma wata baiwar Allah bazan mai tsada ta haka, ba ta yi mini faɗa ba ma amma ba ta sake dawowa ba, abin ya tsaya mini a rai sosai. Na ce da ina iya zana mata rigar a jikin mutum kafin almakashi ya taɓa yadi da ba mu kai nan ba. Su manyan masu ɗinki irin waɗanda ke zuwa FIMA, bikin nunin tufafin nan da mai zanen tufafi Alphadi ya fara a 1998 can Tigidit wajen Agadas, ai da takarda da kirayon suke farawa kafin su ɗauki yadi.

Wurin ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Cikin ɗakin nan yake aikin mutane, mu kuma ɗalibai a rumfa muke zama kan benci kowa da allon katako a cinya. Mu bakwai ne lokacin da na shiga, mata uku maza huɗu, akwai ɗan lise, akwai wani dattijo mai ritaya, akwai yaro mai rubuta allon shaguna da ke son ya ƙara ilimi. Jika 10 ne a wata, Asabar da safe daga ƙarfe 9 zuwa 12, takarda ta farko shi ke badawa amma kirayon da gom naka ne. Ya ce in sayi HB da 2B da 6B kawai kar in ɓata kuɗi kan akwatin nan mai guda goma sha biyu, HB na shata layi, 2B na aiki, 6B mai taushi na inuwa mai duhu. Gawayi kuma ba saya muke ba, shi ke ƙona ƙananan itace da kanshi ya raba mana.

Ranar farko ya ce kowa ya zana mutum a tsaye daga kanshi ba tare da ya dubi kowa ba. Da muka gama ya jera takardun a ƙasa ya ce mu duba, dukkanmu kai ya yi girma ƙafafu sun yi gajarta, mu bakwai kuskure iri ɗaya. Ya ce ba hannunmu ne da laifi ba, tun muna yara fuska muke kallo in muna magana da mutum shi ya sa take cika mana ido, sauran jiki kuma ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba. Daga nan ya kira almajirinshi ya tsaya jikin bango ya ɗauki alli ya shata tsawon kan yaron daga tsakar ka zuwa haɓa, ya dinga maimaita wanga tsawon yana sauka har ƙasa. Bakwai da rabi. Ya ce babban mutum galibi haka yake, kai bakwai da rabi, masu zane kan ja shi zuwa takwas dan ya fi sauƙin rabawa kuma ya fi kyan tsayi: na biyu ya ƙare a ƙirji, na uku wajen cibiya, na huɗu inda ƙafafu suka rabu, nan ne rabin mutum ba a ƙugu ba kamar yadda nake zato duk rayuwata. Jariri ɗan shekara guda kuma kai huɗu ne kacal, shi ya sa in ka zana yaro da awon babba sai ya fito kamar wani dattijo da aka rage.

Wallahi nan ne abin ya kama ni, dan ni awo ne aikina. Kullum metir na rataye a wuyana, na san kafaɗa na san tsawon hannu na san zagayen ƙugu na ɗaruruwan mata, amma lamba lamba na san su a kaye, ban taɓa haɗa su da juna ba. Ya nuna mana in hannu ya sauka gwiwar hannu tana daidai ƙugu, wuyan hannu yana daidai inda ƙafafu suka rabu, yatsu su kai tsakiyar cinya. Ya ce in mutum ya buɗe hannuwa biyu faɗin kusan tsawonshi ne, har ya nuna mana zanen da Leonardo da Vinci na Italiya ya yi wajen 1490 na mutum cikin da'ira da murabba'i. Ran Litinin na tsaida ƴan koyo na uku a shago na auna su ɗaya ɗaya, biyu sun zo daidai da bambancin santi ɗaya ko biyu, ta ukun hannuwanta sun fi tsawonta da santi biyar, kuma ita ce dama kullum sai na ƙara ma hannun rigarta. Da na ba shi labari ya ji daɗi ya ce to kin gani, awon littafi dan ki gane inda mutum ya saɓa mishi ne, a wanga saɓanin ne kamanni yake. Ai mu ma muna da irin namu, mai sayen wandon gwanjo da ke zagaya ƙugun wandon a wuyanshi dan ya san ko zai shige shi, awon jiki da jiki ne yake yi bai sani ba.

Yadda ake awo daga nesa kuma shi ne ka miƙe hannu sosai da kirayon a tsaye, ka rufe ido ɗaya, bakin kirayon a tsakar kan mutum babban yatsa ya sauka zuwa haɓa, shi kenan ka samu ma'auni. In ka lanƙwasa gwiwar hannu ko kaɗan awon ya ɓaci. Sati uku muna wanga abin kawai, wasu sun gaji ɗaya ma ya daina zuwa.

Fuska mun yi wata guda a kanta. Abin da ya fi ba kowa mamaki ido a tsakiyar kai yake, rabi sama rabi ƙasa, mu kuma duk can kusa da goshi muke sa shi. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kunne yana farawa daidai gira ya ƙare daidai ƙasan hanci. Yana sa mu fara da ƙwallo mu yanke gefe biyu sannan mu ɗora muƙamuƙi, kuma ya hana mu taɓa gashin ido ko kwalli ko ɗan kunne sai ƙashin kai ya zauna. Ni da na saba da ado abin ya yi mini wuya, hannuna na ta son ya tafi wajen ɗaurin kallabi.

Wata na uku ne na fi so. Ya daina sa mu awo ya ce yanzu minti biyu kowane zane, wani lokaci ma sakan 30, almajirin ya sunkuya kamar mai ɗaukar bokiti, ya juya, ya tsuguna, ya ɗaga hannu kamar mai rataya kaya, kai kuma ka kama layin da ya taso daga ƙeya ya bi ƙashin baya ya sauka ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Ba fuska ba yatsu. Ya nuna mana in mutum ya jingina nauyinshi kan ƙafa ɗaya kwankwason wannan gefen na hawa sama kafaɗar gefen kuma ta sauko, layi biyun ba su taɓa tafiya tare, kuma tun daga ranar ko a bakin titi nake jiran taksi sai in ga kaina ina kallon yadda mai tallan ruwa ta tsaya da faranti a ka. Sau biyu ya kai mu gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, muka zauna wajen masu sana'ar hannu, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, muka nemi izini muka dinga zana su suna aiki. Mutumin da ke aiki ba ya tsaya maka, dole ka koyi ɗaukar abin da ya fi muhimmanci ka bar saura. Wani baduku da ya leƙa takardata ya ce ƴata kin manta ni da hagu nake riƙe basilla, kuma gaskiyarshi, na zana abin da na saba gani ne ban zana abin da ke gabana ba.

Hannu har yanzu ina fama. Ƙashi 27 ne a hannu ɗaya, kuma kowa ya san yadda hannu yake shi ya sa ɗan kuskure ke bayyana nan da nan. Malam cewa yake mu zana namu na hagu guda biyar kullum kafin mu kwanta, tafin kamar akwati yatsu kamar guntayen kara uku uku, kuma mu tuna buɗaɗɗen hannu na rufe fuska daga haɓa har kusan tsakiyar goshi, dan kowa ƙarami yake yin shi.

Sai maganar tufafi, wadda ita ce ta kawo ni kuma nan ne nake ganin wurin ya fi ƙarfin kuɗin da ake biya. Mu nan ba wanda zai tuɓe a zana shi, kuma Malam bai taɓa kawo zancen ba, almajirin da gajeren wando da singileti yake tsayawa, in mace ce da kayanta cikakku. Littattafan Turawa da ke wurin duk jiki ne a fili, amma mutanen da za mu zana cikin babbar riga suke, cikin hijabi, cikin zane da mayafi, rawani ya rufe rabin fuska. To ya za ka yi? Abin da ya koya mana shi ne ka fara zana mutumin da layi maras nauyi kamar ba riga, ka san ina kafaɗa ina gwiwa ina ƙugu, sannan ka rataya rigar a kanshi, dan yadi ba ya ninkewa haka kawai, daga inda ya rataya yake farawa ko inda aka ja shi, kan kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa in an zauna, ƙullin zane a ƙugu. In ba ka san inda ƙashin yake ba sai rigar ta fito kamar buhun da aka tsaida ba kowa ciki. A nan ni ma na samu abin faɗa, dan na fi shi sanin yadi. Na kawo mishi ƙyallaye daga shago muka rataya su kan kujera: bazan sabo da aka buga yana karyewa ne da kusurwa kamar takarda kuma yana maido haske fari tas a bakin karyar, atamfa da aka wanke sau da yawa tana zubowa a hankali ninkinta zagaye, leshi na da nauyi yana ja ƙasa, yadin hijabi kuma ninki ƙanana ne dogaye tun daga haɓa. Ya saurare ni kamar shi ne ɗalibin, ya sa duk ajin suka zana ƙyallayen ranar. Ba kowane malami ke yarda da haka ba, na girmama shi a kan wannan.

Na roƙe shi tun wata na farko ya koya mini irin zanen masu modal, dogayen matan nan masu kai tara, ya ƙi. Ya ce sai na iya bakwai da rabi, dan kiliyata ba kai tara gare ta ba, in na nuna mata riga a jikin da ba nata ba na sake komawa gidan jiya. Lokacin na ji haushi, yanzu kuwa in mace ta zo gajera mai jiki haka nake zana ta, ta ga inda rigar za ta tsaya mata, in ba ta so mu canza a takarda. Tun da na fara haka sau ɗaya aka dawo mini da ɗinki, shi ma zip ne.

Akwai maganar da na san tana ran mutane da yawa dan ni ma an yi mini ita a gida, wato hukuncin zana abu mai rai. Ba wasa ba ce kuma ban ɗauke ta wasa ba, hadisan suna nan, malamai kuma sun yi bayani, akwai masu hanawa gaba ɗaya akwai masu rarrabewa tsakanin gunki mai jiki da zanen takarda da kuma abin da ake yi dan buƙata ko koyo. Ni na je na tambayi malamin da nake karatu wurinshi na faɗa mishi dalilina na yi aiki da abin da ya ce mini. Ba ni da ilimin da zan ba wani fatawa, kowa ya tambayi wanda ya yarda da shi. Abin da zan shaida kawai mai atiliyen ba ya raina mai wannan damuwar, ɗaya daga cikin matan ajinmu ba ta zana fuska sam, tana barin ta fili, kuma bai taɓa matsa mata ba.

Abin da ban so ba a karatun: yana gyara maka a kan takardarka da 6B mai kauri, kafin ka ankara zanenka ya zama nashi, ka koma gida ba ka san wane layi ne naka ba. Na yi mishi magana ya koma yi mini gyara a gefe, amma sauran har yanzu haka yake musu. Sannan sunayen gaɓoɓi da Faransanci yake faɗa ya haɗa da Zabarmanci, wanda bai yi lakwal mai nisa ba yana shan wuya, sai mun tsaida shi mun ce Malam da Hausa. Rumfar kuma in rana ta ɗaga zafi ne sosai, fanka ɗaya ce, in an ɗauke kuran shi kenan gumi na ɗiga kan takarda. Ba wurin da mace za ta kewaya sai an roƙi maƙwabta. Waɗannan duk abin gyarawa ne ba masu tsada ba.

To sai tablon Baba.

Baba ya rasu shekara tara kenan, Allah ya jiƙanshi da rahama. Ɗan kasuwar albasa ne, rayuwarshi duk tsakanin Galmi da Tawa da Yamai ya yi ta. Hotonshi biyu kawai muke da su, na katin ɗan ƙasa ƙarami baƙi da fari wanda hatimi ya ci gefen kunnenshi, da wani na bikin yayana inda yake can baya ba ya fita sosai. Jikokinshi shida ba su san shi ba. Ina ganin aikin da Malam ke yi ma mutane a ɗaki sai na yi shawara da yayana muka ce a gwada. Muka yi ciniki twal, wato yadin da ake zanen a kanshi, mai santi 60 da 80, fentin akirilik, jika 75, rabi kafin alƙalami rabi in an gama, ya ce sati uku. Na so in kai ma Inna lokacin bikin ƙanwata.

Yadda ya fara aikin ya burge ni. Bai karɓi hoton ya ce in tafi ba, ya zaunar da ni kusan awa guda yana tambaya, dogo ne ko gajere, fari ne ko baƙi, wa ya fi kama da shi cikin ɗiyanshi, wace hula yake sawa, yana yawan dariya? Tunda fuska kaɗai ke akwai ya ce a samo wanda zai zauna a madadin jikin. Na kira Inna can Tawa ta aiko da rigar Baba ɗaya da ta ajiye, shuɗiya mai aikin wuya fari, ta mota aka kawo ta cikin leda uku. Yayana ya sa ta ya zauna kan tabarma da carbi, Malam ya ɗauke shi hoto da hasken safe daga gefe ɗaya, dan ya ce hasken filashi na goge inuwa fuska ta zama faifai. Bayan kwana huɗu ya nuna mini ƙananan zane uku na gawayi in zaɓa, na zaɓi na zaune.

Daga nan ne matsala ta fara. Sati uku suka wuce, huɗu, biyar. In na kira wani lokaci ba ya ɗauka, ran Asabar in na tambaya ya ce ƙura ce ta hana, gaskiya lokacin hunturu ne buji ya rufe gari kuma na gani da idona yadda ƙura ke manne ma ɗanyen fenti, amma kuma na ga wasu ayyukan da suka zo bayan nawa sun fita, na wani ofis da na wani mai aure. Da ya ce mini tun farko wata biyu da ban sa rai da biki ba. Biki ya zo na tafi hannu sake, abin ya yi mini ciwo dan na riga na faɗa ma Inna.

A sati na shida ya kira ni in zo in gani kafin ya ƙarasa. Na tsaya gaban tablon, fuskar Baba ce ba shakka, hancin, tsagar da ke kuncinshi, furfurar gemu, har kunnen da hatimi ya ci ya maido shi daidai. Fatar ma ta yi kyau ƙwarai, bai sa baƙin fenti ko ɗigo ba, ƙasa-ƙasa ya haɗa da jan ƙasa da shuɗi mai duhu a wurin inuwa, goshi da kan hanci kuma ya ɗan sa hasken sama, sai ta fito fatar mutum mai jini ba kamar ta hotunan bakin shagon aski ba. Amma raina bai kwanta ba. Na ce ya yi kyau na fito, a taksi ina ta tunani me ya rage, mutumin nan da ke zaune cikin rigar Baba da fuskar Baba baƙo ne a wurina.

Da dare na ɗauko kaye na zana layin kafaɗa da na wuya kamar yadda aka koya mana, sai na gani. Zaman yayana ne. Yayana ma'aikacin ofis ne, kafaɗunshi daidai suke wuyanshi a miƙe. Baba kuwa tun yana saurayi yake ɗaukar buhun albasa a kafaɗar dama har ta sauka ta zauna haka, wuyanshi ya ɗan turo gaba, kuma kunnenshi na hagu ba ya ji sosai shi ya sa kullum kanshi a karkace yake yana miƙo na dama wajen mai magana. Hannun ma na yayana ne, sumul, Baba kuwa yatsunshi kaurara ne gaɓoɓin sun kumbura. Da wata huɗu baya ne da sai dai in ce Malam bai yi kama ba, ya ce ina ne bai yi ba, in rasa amsa, mu rabu kowa da ɓacin rai. Washegari na kai mishi takardar na ce Malam dubi, layin nan haka ya kamata ya karkata, kan ya juyo nan. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce ƙanwata ai wannan tun a zanen gawayi ya kamata ki faɗa mini, kuma gaskiyarshi ne, ya tambaye ni komai ranar farko ni ce ban san wannan ma abin faɗa ba ne. Bai ƙara mini ko dala ba. Ya shafe daga wuya zuwa kafaɗa ya sake, har kan sai da ya sake zaunar da shi, ya ce sa'armu akirilik ne yana bushewa cikin mintoci ana iya hawa kanshi, da fentin mai ne da sai an jira kwanaki kafin a taɓa. Na hannun kuma wani dattijo mai faskare a unguwar ya roƙa ya riƙe carbin ya zana daga nashi.

Sati takwas cif aka yi. Ranar karɓa kuma sai ga maganar kadar, abin nan da ake zagaye tablo da shi, wai jika 15 daban, ni kuma a zatona yana cikin kuɗin dan duk tablon da ke rataye a ɗakin da kadar ɗinsu. Ba mu rubuta komai ba, baki da baki muka yi, dan haka ba ni da abin kamawa, na biya amma ban ji daɗi ba kuma na faɗa mishi. Duk wanda zai ba da irin wanga aiki, wurinshi ko wurin wani, ya sa a rubuta a takarda ko a saƙon waya: girman twal, irin fenti, da kadar ko babu, ranar bayarwa, gyara sau nawa ne kyauta. Ku nemi a nuna muku zanen gawayi kafin a sa fenti kuma ku dube shi da kyau kar ku ji kunya, nan ne gyara ke da arha. In ta WhatsApp za ku tura hoto ku tura shi a matsayin dokima dan in an tura haka kawai yana rage mishi kyau. Kuma in mamaci ne ku zauna da wanda ya fi saninshi ku tuna yadda yake zama da yadda yake riƙe abu, hoton kati ba ya ɗauke da wannan. In kuna da ranar da kuke so ku ƙara wata guda a kan abin da ya ce muku. Da wannan sharaɗin ni zan sake ba shi aiki, kuma karatun ina nan ina ci gaba, yanzu muna kan ƙafa da tafiya.

Na naɗe tablon da bargo na sa kwali gaba da baya na ɗaure, a tasha na roƙi yaron mota kar ya sa shi ƙarƙashin buhuna, ya taimaka ya jingina mini shi bayan kujerar ƙarshe. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, duk inda aka tsaya sai na je na taɓa na ji ko lafiya, sama da kilomita 500 haka har Tawa.

Bayan la'asar na kwance shi a tsakar gida na jingina da bango. Inna ta fito ta tsaya, ba ta ce komai ba, ta jawo kujera ƴar tsugune ta zauna gabanshi ta daɗe. Can ta ce haka Alhaji ke zama in ya dawo daga Galmi yana jira a kawo mishi ruwa, da kan nan nashi a karkace. Gwaggona ta ce ba dai rataya shi za a yi ba a ɗakin da ake salla, Inna ta ce a'a ba za a rataya ba. Ta sa na maida shi cikin bargon ta ɗora kan akwatinta, ranar Juma'a da jikoki suka zo ta sa aka sauko da shi ta nuna musu ɗaya ɗaya tana faɗa musu wane ne, ƙaramin ya tambaya me ya sa kafaɗarshi ɗaya ta fi ɗaya, ta ce albasa ce, ta ba su labarin buhuna, sannan aka mayar.

Daren da zan komo ta leƙo ɗakin da nake ta ce ke, ina rigar? Na ce tana cikin jakata Inna. Ta ce ba dai kin wanke ta ba. Na ce ban wanke ba. Ta karɓa ta ninke ta da kanta ta tafi da ita ɗakinta.